Littattafan Babana da Na Ƙona

Ina tsaye a shagona na ɗinki a unguwar Tsinga cikin birnin Yawunde, almakashi a hannu, ruwan safe yana dukan kwano har ba a jin ƙarar keke, sai wayata ta yi ƙara. Baffa Iro ne, ƙanin mahaifina. Baffa mahauci ne mai babbar murya, muna yi masa tsiya cewa in yana waya a unguwarmu Briqueterie, wato Brik, mutanen unguwar Nkomkana ma suna amsawa. Ranar da ƙyar na ji shi. Ya ce, "Uwata, ajiye abin da kike yi ki taho gida." Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Rakiya, shi ya sa daga shi har Baba babu mai kama sunana. Na ce, "Baffa, lafiya?" Sai ya ce, "Yaya ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na fito ba, ban san taksin da na shiga ba, sai a ƙofar gida na lura tef ɗin awo yana rataye a wuyana. Baba ya yi asuba a masallaci, ya dawo ya sha kununsa, ya zauna a kujerarsa, ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Yau kwana arba'in. Waɗanda suka zo gaisuwa sun faɗi alheri a kan mahaifina Malam Sa'idu, Allah Ya saka musu. Amma akwai abin da na yi wa littattafansa a kwana na uku da rasuwarsa, wanda har yanzu ban san sunan da zan ba shi ba, ko rufin asiri ne ko cin amana. Ba zan iya yabon Baba in ɓoye wannan ba, don haka zan faɗe su tare.

Baba ɗan mahauci ne. Kakanmu ya zo Yawunde daga Nijeriya da wuƙarsa da tabarmarsa, ya zauna a Brik, a nan aka haifi Baba. Ya yi karatun allo kafin a sa shi lekol, wato makarantar boko, shi ya sa har ya koma ga Allah hannunsa ya fi sabawa da ajami. Ya yi karatu har ƙasar waje, ya dawo ya koyar da kimiyya a jami'a shekara da shekaru. Abokan aikinsa sun gina gidaje a kan tudu inda iska ke kaɗawa, shi kuwa ya ƙi barin lungunmu, inda hayaƙin tsire ke shiga ɗaki kuma kwata ke cika duk damina. In kwatar ta toshe shi ne zai naɗe ƙafar wando ya ɗauki shebur, dokta guda, maƙwabta suna cewa, "Haba Malam, bari mana!" yana cewa, "Ai ta ƙofata ruwan yake bi." Ban taɓa ganin ya ture wani a rububin taksi ba. Sai ya koma gefe har kowa ya shige, ya makara abinsa. 'Yan matan layinmu da suka ci jarrabawar lissafi, yawancinsu a barandarmu suka koya, kuma ko goro bai taɓa karɓa daga iyayensu ba.

Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "Ban sani ba tukuna." Ni kuwa mai zafin kai ce, wannan kalma tana ƙona mini rai. In na kawo masa ƙarar mijina ko ta wata mai ɗinki da ta ɓata mini, sai ya saurare ni har in gaji, sannan ya ce, "Na ji naki, Uwata. Bari in ji na sauran." In tashi fuu in tafi. Bayan kwana biyu in dawo da kaina, mu ci gaba da hira kamar ba a yi ba.

Bincikensa ne ban taɓa fahimta ba. Ni a lise, wato sakandare, na tsaya, na kama keken ɗinki. Sau ɗaya na tambaye shi da gaske, muna dawowa daga kasuwa da la'asar. Ya tsaya a tsakiyar hanya, masu babur suna zagaye mu, ya ce, "Uwata, a can nesa, nesan da ba zan iya kwatanta miki ba, wani lokaci babban tauraro yakan mutu. In zai mutu sai ya fitar da wani haske mai tsananin ƙarfi, na 'yan daƙiƙu. Hasken gamma ake ce masa. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya ma ba ta barinsa ya sauko, sai taurarin ɗan'adam da ke sama ne ke kama shi."

Na ce, "To in ba a ganinsa, Baba, me kake kallo?"

Ya nuna mini tukubar mai tsire da ke gabanmu. "Kin ga kitse ya ɗiga, wuta ta yi fau ta kwanta? Wannan shi ne na farko. Bayansa garwashi ya rage yana ja, kuma akwai zafin da za ki ji a fuska ko kin rufe ido. Haka abin nan yake barin saura yana dushewa a hankali. Akwai irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, akwai wanda ido ke gani, akwai na zangon rediyo. Kowanne da na'urarsa, wata a sama, wata a wata ƙasa. Ni nawa in jera abin da kowa ya gani in ga ko maganarsu ta zo ɗaya."

Na ce, "In ta zo ɗaya fa?"

Ya ce, "Sai mu san yadda ya mutu."

Na ce, "Sai kuma me?"

Ya yi dariya, ya saya mini tsire. Wallahi na koma gida da ruɗun da ya fi wanda na fito da shi.

Akwai wata ƙara ta daban da wayarsa ke yi in an kama sabon haske. Ko wurin ɗaurin aure ne ko suna, sai ya miƙe ya nemi uzuri, don ya ce sauran hasken ba ya jiran kowa, cikin awoyi yake raguwa. Zai shiga ɗaki ya kunna kwamfuta, ya buɗe ɗaya daga cikin littattafansa masu baƙin bango, irin kaye, wato littafin rubutun 'yan lekol, ya yi ta rubutu. To ku da kanku kun san unguwarmu. Mutum ya tashi daga taro wai tauraro ya mutu, ya rufe ƙofa yana rubutun ajami, wani lokaci kuma a ga baƙi har Turawa sun ajiye mota a bakin layi. Me kuke zato za a ce? Wata Hajiya ta taɓa zuwa wai ya duba mata tafiyar fatauci. Ya sa aka kawo mata shayi, ya ce, "Hajiya, ni ko gobena ban sani ba." Ta fita tana cewa manya kaɗai yake yi wa aiki. Na sha faɗa a kan wannan magana, akwai wadda saura kaɗan in tuɓe wa ɗankwali a gidan biki. A zatona ko ƙwaya ɗaya ta zancen ba ta shige ni ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ni da Baffa muka shiga ɗakin Baba don fitar da tufafin da za a bayar. A cikin akwatin ƙarfe muka tarar da littattafan nan, guda tara. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba sai ranar. Kowane shafi da bismillah ya fara. A ƙasa an ja layuka an yi gida-gida, kowane gida da lamba a ciki, ga wasu haruffa da ba na Larabci ba ba na boko ba, ga rubutun ajami a gefe ƙanana-ƙanana babu wasali. Baffa yana karanta Alƙur'ani, amma hannun Baba ya fi ƙarfinsa. Ya yi ta bin layi da yatsa har ya tsinci kalmomi biyu, tauraro da mutuwa.

Ya ce, "Uwata, kin san hatimi?"

Na ce na sani, na ga irinsa a wurin masu duba.

Ya ce, "To ga shi nan." Sai hawaye. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko a ranar jana'iza. "Yaya yana kabari yanzu. In aka zo rabon gado aka buɗe akwatin nan gaban jama'a, sunansa ya ɓaci har jikoki. In kuma wani ya ɗauka ya yi aiki da su, zunubin yana binsa can. Ba a zuba su a bola, da sunan Allah a jiki. Ƙonawa za a yi, a binne tokar."

Na ce, "Baffa, kimiyya ce fa. Aikinsa ne na jami'a."

Ya ce, "Kimiyya da ajami? Ga takardunsa na jami'a can da Faransanci, kin ga na taɓa su? Me ya sa waɗannan kaɗai ya rubuta da harafin da abokan aikinsa ba sa iya karantawa, ya kulle a akwati?"

Ni da nake cika baki a gidan biki, tambaya ɗaya ta kayar da ni. Na je wurin Inna, tana zaune a ɗakin takaba da carbi a hannu. Ta ce, "Shekara arba'in muna tare ban taɓa tambayarsa ba. Abin da na sani bai taɓa barin salla ba. Sauran kuma ku kuka yi boko." Ya kamata in kira wani daga jami'a, na sani. Abin da ya hana ni tsoro ne. Na ce in gaskiyar Baffa ce, to da hannuna na kai asirin ubana wurin bare.

Baffa ya ce shi zai ƙona. Na ce a'a, in rufin asiri ne 'yarsa ta fi cancanta. Bayan la'asar na kai kaskon gawayi bayan ɗakin Baba, na zauna a kan turmi, na riƙa yage shafi-shafi ina sawa. Takardar tana nannaɗewa, rubutun yana yin fari kafin ya ɓace. Ina kuka ina nema masa gafarar laifin da ban san ko ya yi ba. Tara ɗin duka na ƙone, ban bar ko bango ba. Baffa ya haƙa rami a kusurwar tsakar gida ya binne tokar.

A kwana na biyar Solange ta dawo gaisuwa. Ɗalibar Baba ce a da, yanzu ita ma tana koyarwa, Kirista ce 'yar kudu, tare suke binciken. Ta ɗaura gyale don girmama gidan, ta jira har mata suka ragu, sannan ta matso ta yi mini magana da Faransanci a hankali. Ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Baƙaƙen littattafan Malam, don Allah a adana su da kyau. Mun shirya in hutu ya zo zai riƙa karanta mini ina bugawa, don a cikinmu babu mai iya rubutun."

Na ce, "Me ke cikinsu?"

Ta ce, "Lambobin ba matsala, kowa zai iya samunsu. Tunaninsa ne a ciki. Akwai wasu taurarin da haskensu na rediyo ba ya tafiya daidai da sauran. Shekaru ya yi yana bin su, ya ce mini ya fara gano dalili."

Na ce, "To me ya sa da ajami?"

Ta ɗan yi murmushi. "Na taɓa tambayarsa. Ya ce da Faransanci yake koyarwa, amma da Hausa yake tunani, kuma hannunsa a can ya fi gudu."

Na gaya mata abin da na yi. Da ma ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta zauna tana kallon tafin hannunta, can ta ce, "Duka?" Na ce duka. Sai ta tambayi jakar da Baba yake ratayawa in zai fita. Tana nan bayan ƙofa, babu wanda ya taɓa ta. A ciki muka sami na goma, wanda yake kan rubutawa, bai kai rabi ba. Ku ji irin ruɗun da nake ciki a lokacin. Wani sashe na zuciyata yana fatan a ce Baffa ne ke da gaskiya, don in ba shi ba ne, to me na aikata? Ina fatan laifi ga ubana don in tsira. Na ji kunyar kaina, har yanzu ina ji.

Washegari bayan la'asar muka zauna a zaure. Na roƙi Malam Buba ya zo, tsohon Bafulatani daga arewa, na'ibin masallacinmu, wanda suka yi allo tare da Baba kuma ya san hannunsa. Baffa yana gefe ya sunkuyar da kai, Solange tana kan tabarma kusa da ni. Malam Buba ba ya jin Faransanci sosai, Solange ba ta jin Hausa, ni ce a tsakiya. Ya karanta in juya mata, ta yi bayani in juya masa, ina ɗauke da maganar da ban fahimci rabinta ba.

Ya gyara tabarau ya fara, da Hausarsa mai karin Fulatanci. "Bismillahi. Na gamma ya yi tsawo, ya wuce minti guda. Na hoton ƙashi ya faɗi da sauri, ya tsaya, ya ci gaba da faɗuwa. Na ido ya iso a makare, gajimare ya hana su. Na rediyo ban ji ba tukuna." Solange ta ɗora yatsa a kan gidajen da muka kira hatimi. Ta ce layin farko lokacin da ya wuce ne tun aukuwar abin, sauran layukan kuma ƙarfin kowane haske ne a wannan lokaci. Haruffan da muka kasa ganewa na lissafi ne, kowane ɗalibinsu ya san su.

Malam Buba ya ce, "'Yata, tambaye ta, wannan tauraro yaushe ne zai mutu?"

Solange ta ce ya riga ya mutu tun kafin a kafa garin nan, tun kafin a kafa kowane gari. Hasken ne ya daɗe a hanya.

Malam ya yi ta juya shafuka yana bi ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Sannan ya dubi Baffa. "Iro, mai duba gobe yake sayar wa mutane, kuma sai da sunan mutum da na uwarsa. Na bi littafin nan, babu sunan kowa, babu na uwar kowa. Ɗan'uwanka abin da ya riga ya wuce yake aunawa. Wannan kallon halittar Ubangiji ne." Baffa ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza.

Na zaci an gama. Amma Malam ya buɗe shafin ƙarshe, inda alƙalamin Baba ya tsaya, ya karanta. "Alhamdulillahi. Wannan ya zo daidai da abin da na gani a littafi na huɗu da na bakwai. In haka ne, dalilin shi ne wanda na rubuta a can. A koma a duba."

Solange ta dafa gwiwata ta ce, "Me ya ce?" Babu wanda zai juya mata sai ni. Na juya mata kalma-kalma, da bakina.

Malam Buba ya ce mini Allah niyya Yake dubawa, kuma na san gaskiya ya faɗa, amma maganar ba ta kwantar mini da hankali ba. Solange ta tafi da littafin da izinin Inna, kowace Asabar tana zuwa Malam yana karanta mata ina fassarawa. Ta ce za ta gwada bin sawunsa, watakila ta kai, watakila ba za ta kai ba. Ban riƙe Baffa a zuciya ba, don son ɗan'uwansa ne ya sa shi, kuma ba shi ya kunna wutar ba. Har yau ban gane abin da Baba yake nema a mutuwar taurari ba, ban san amfaninsa ga mai ɗinki ko mahauci ba, ban ma san wa zan nemi gafararsa ba, tunda mai haƙƙin ya tafi. Abu ɗaya nake roƙon mutanen Brik. Duk wanda ya taɓa cewa Malam Sa'idu mai duba ne, ya koma inda ya faɗa ya gyara. Ni da na fi kowa yi masa wannan zato, ga nawa na gyara a gaban kowa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sa'idu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, tare da iyayensa da malamansa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, Ka sanyaya zuciyar Baffa, Ka shirya mana jikokinsa, Ka saka wa Malam Buba da Solange da alheri. Ka yafe mini mummunan zaton da na yi wa mahaifina. Ya Ubangiji, babu wanda ya rage a duniya da ya san abin da ke cikin littafi na huɗu da na bakwai. Kai Ka sani. Ka karɓa masa, Ka sa a mizaninsa, kada ƙonawar da na yi ta rage masa komai. Amin.